Garin Nano a Ganyen Wake: Littafin Aikina na Rani

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Malam ya sa hannu a tsarin aikin yau, bayan ya soke rabinsa da jan biro. Abin da ya rage shi ne wake a bokiti, da feshin zink oksayid mai ƙwayoyin nano (ƙwayoyin da ake auna ƙanƙantarsu da nanomita, wato milimita da aka raba gida miliyan) a ganye, a ga ko zai ƙara wa ganyen ƙarfin haɗa abinci da hasken rana, kuma ko ƙarin zai kai ga tsaba. Na so in haɗa da masara da gyaɗa. Ya ce, "Ke, shekara nawa kike so ki yi a nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, waken ma ya isa."

Abin da ya fara jan hankalina ga wannan fanni aikin su Michael Strano ne na jami'ar MIT a Amurka, wanda ya fito a 2014. Sun cusa siraran bututan kabon a cikin kuloroplas, wato ɗakin da ganye ke kama haske a cikinsa, sai gudun lantarkin da ke tafiyar da aikin ya ƙaru da kashi 49 cikin 100 a kuloroplas ɗin da aka ciro waje, da kusan kashi 30 a ganyen wata 'yar ciyawar gwaji mai suna Arabidopsis. Amma gudun lantarki suka auna, ba buhu ba. Kuma bututun kabon ba abin da aljihuna zai ɗauka ba ne. Zink kuwa shuka na buƙatarsa dama, ƙasarmu mai rairayi tana yawan ƙarancinsa, kuma ana iya haɗa ƙwayoyinsa a lab ɗinmu.

Rukuni biyar, kowanne bokiti takwas: ruwa zalla, zink salfet da aka saba, garin zink oksayid na gama-gari, miligiram 100 a lita, na nano miligiram 100, na nano miligiram 500. Rukunin salfet ɗin Malam ne ya dage a kansa, kuma shi ne ƙashin bayan aikin. Takardu da yawa da na karanta suna gwada nano da ruwa zalla, su ga ganye ya yi kore, su yi shela. To ai shukar da ke jin yunwar zink, ko ta wace hanya ka ba ta za ta gode. Abin tambaya shi ne ko ƙanƙantar ƙwayar ta ƙara wani abu a kan zink ɗin da ke cikinta. Kashi 80 cikin 100 na nauyin zink oksayid zink ne, na salfet mai ruwa bakwai (irin wanda zan yi amfani da shi) kuwa bai kai kashi 23 ba. Don haka miligiram 354 na salfet ne daidai da miligiram 100 na oksayid.

Alhamis, 16 ga Janairu

Sayayya. Bokitin roba 40, ₦36,000. Zink asitet ₦28,000. Kostik soda na lab, takardar tacewa, Tween 20 (sinadarin da ke sa ruwan feshi ya bazu a ganye) da takunkumi, ₦19,000. Irin wake SAMPEA 10, ₦3,000. Na zaɓe shi ne saboda yana nuna da wuri, kuma shukar rani ba ta jiran waken gargajiya mai lissafin tsawon yini. Salfet da garin gama-gari na samu a sito kyauta.

Talata, 21 ga Janairu

Haɗin farko na garin nano. Na ɗumama garin busasshen zogale a ruwan distil, zafi 60, na tace. Na narka zink asitet giram 10, na zuba ruwan zogalen, ina ɗiga soda ana juyawa har ruwan ya koma kalar madara mai ratsin rawaya. Aka juya a santirifuj (na'urar da ke ware gari daga ruwa da saurin juyi), aka wanke, aka sake wankewa, aka sa a na'urar busarwa.

Giram 10 na asitet, ko da komai ya tafi daidai, ba zai ba da oksayid sama da giram 3.7 ba. Abin da na kankaro daga kwanon bai kai haka ba. Ya ishe ni dai, tunda duk feshin aikin bai cinye giram biyu ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Garin na buƙatar gashi a tanderun lantarki, zafi 400, awa biyu, don ragowar zogalen ta ƙone, ƙirar ƙwayar ta zauna. Tanderun ya ɗauki lokaci kafin ya hau, ya yi kamar minti arba'in a kan 400, aka ɗauke wuta. Janareton sashe ba ya ɗaukarsa. Mai kula da lab ya ce in aka gwada, fitilu da firjin da ke riƙe da samfuran mutane duk za su mutu tare. Muka zauna jira har la'asar, shiru.

Da ya huce na buɗe, garin ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, da baƙin ɗigo a gefen kasko. Rabi ya gasu, rabi bai gasu ba. Mai kula da lab ya ce in mayar da shi gobe a ƙarasa. Ban yarda ba. Duk lokacin da ƙwayoyin nan suka daɗe a zafi suna manne wa juna su girma, kuma ba zan iya rubuta "awa biyu a 400" a kan abin da ya sha wuta sau biyu da hutu a tsakani ba. Na zuba shi a kwalba na rubuta masa kwanan wata, zan aika da shi awo tare da sabon, ko don in ga bambancin. Gobe sabon haɗi daga farko.

Litinin, 27 ga Janairu

Mun shiga lab tun asuba, lokacin da wuta ta fi zama. Ya cika awa biyunsa. Da zafinsa rawaya ne, yana hucewa ya koma fari tas, wanda halin zink oksayid ne. A na'urar awon haske ya sha hasken a wajen nanomita 370, inda ake sa ran gani. Samfuri biyu sun tafi awon XRD, wato haska gari da hasken X-ray don a gane ko mene ne shi da girman ƙwayarsa, ₦30,000.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Shuka. Ƙasar jigawa ce daga wata gona da aka daɗe ana noma gero ba taki, kuɗin keke ₦6,000. An tankaɗe, an gauraya, kilo takwas a kowane bokiti. Na sa ɗan takin sufa daidai wa daida, ban cika hannu ba, domin fosfaras in ya yi yawa yana hana shuka ɗaukar zink. Ƙwaya huɗu a rami. Na yi ƙuri'a da 'yan takardu wajen jera bokitan a rumfar raga, kada wani rukuni ya mallake gefen da rana ta fi bugawa.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Sanyin dare ya sa tsirowa ta yi nawa, amma duk sun fito. Na cire na bar biyu-biyu. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan raga.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Sakamakon XRD ya iso. Manyan tsini uku na zanen sakamakon suna nan a wajen digiri 31.8 da 34.4 da 36.3, wato zink oksayid ne ba wani abu ba. Lissafin Scherrer, wanda ke fitar da girman ƙwaya daga faɗin tsinin, ya ba ni kusan nanomita 30 ga farin garin. Nanomita ɗaya, milimita ce aka raba gida miliyan.

Na kai wa Malam da murnata. Ya duba ya ce, "Wannan girman ƙwayar ne a busasshen gari. A cikin ruwan feshinki fa?" Na yi shiru. Ya ce, "To je ki gano."

Yana da gaskiya, kuma a nan gizo ke saƙa. Ƙofofin numfashin ganye faɗinsu ana auna shi da maikiromita ne (nanomita dubu), ƙwayar nanomita 30 za ta shige ba wahala. Amma ramukan bangon ƙwayar halittar shuka ba su cika wuce nanomita 20 ba. Saboda haka ko a rarrabe garina yake, shiga har kuloroplas ba ƙaramin aiki ba ne, balle in ya dunƙule.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na zo da wuri na tarar da Baba mai kula da rumfa yana ban-ruwa da tsohuwar butarsa ta ƙarfe, irin mai farin shafe. Shafen nan zink ne. Kullum da robar da na ajiye nake zuba ruwa in na zo, ashe ranakun da ban leƙo da safe ba shi yake taimaka min da tasa.

Na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah a bar ba su ruwa da wannan butar." Ya ce, "'Yata, shekara nawa ina ba shukar malamai ruwa da ita, ba wadda ta mutu." Na ce ai ba kashewa take ba, magani take ba su a ɓoye, irin wanda nake son in auna. Ya juya butar yana kallon cikinta, ya ce, "Ikon Allah. To ashe tuntuni ni ma ina bincike."

Abin da sauƙi, tunda duk bokitan ya ba, bai ware wasu ba. Illar ita ce in rukunin ruwa zalla ya sami zink ta saiwa, yunwar da nake son feshi ya kashe ta ragu, bambanci ya dushe. Na rubuta ranakun a littafin lab. Butar roba biyu, ₦9,000. Ta ƙarfen ta koma wajen 'yan tumatir.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Feshin farko, sati uku da shuka. Ranar ta ba ni wuya.

Tun jiya na gwada garin a ruwan burtsatse da ruwan distil a kwalabe biyu. Na burtsatsen ko kwata bai yi ba ya dunƙule ya sauka, gishirin da ke cikin ruwan ne ke haɗa ƙwayoyin. Na distil ya fi daɗewa, amma shi ma da na dawo bayan awa ɗaya sama ta washe, fari ya kwanta a gindi kamar gasara a ƙasan ƙwarya. Na'urar girgiza da sauti tana wargaza dunƙulen, sai dai tana can wani sashe, tafiyar minti goma zuwa rumfa. Haka muka yi: a girgiza minti talatin, a ɗiga Tween, wata ƙawata ta riƙo kwalbar tana kaɗawa a hanya, ni ina jira da abin feshi. Na miligiram 500 sau biyu yana toshe bakin feshin.

Tween ɗin na sa wa duka rukunan har da ruwa zalla. Na rufe bakin kowane bokiti da leda kada abin da ya ɗiga ya shiga ƙasa. Mun fara ƙarfe bakwai, domin da safe ƙofofin ganye ke buɗe, kuma a bayan ganyen suka fi yawa, sai da na riƙa ɗaga kowane ganye ina fesa ƙarƙashinsa. Takunkumi da safar hannu dole. Garin da ake so ya ratsa ganye ba abin shaƙa ba ne.

Wannan duk a bokiti 40 ke nan. Manomin da zai ɗebi ruwan rijiya ya cika famfon goyo ya shiga gona da rana, abin da zai fito daga bakin famfonsa ba nano ba ne, dunƙule ne.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Rukunin 500 ya nuna alama. Inda ɗigon ya taru ya bushe a gefen ganye, akwai farin tabo, a ƙarƙashinsa naman ganyen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Sabbin ganyen sun ɗan naɗe. Na ɗauki hoto da rula a gefe. Ba sabon abu ba ne: tun 2007 Lin da Xing suka nuna miligiram 2,000 a lita na wannan garin yana tsayar da saiwar tsiro cak. Ban zaci 500 zai ƙona wake a feshi ɗaya ba. Sauran rukunan lafiya.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar. Ban-ruwa da awon tsayi kawai, in gama kafin rana ta ɗaga.

Wani kawuna da ya ji ina aikin nano ya turo min bidiyo a WhatsApp na takin yuriya na ruwa da kamfanin IFFCO na Indiya ya fitar a 2021, kwalbar rabin lita da aka ce tana maye gurbin buhu mai kilo 45. Ya ce in bincika masa inda ake samu. Na ce, "Kawu, bari mu yi lissafi tukuna." Kwalbar kashi 4 cikin 100 ne naitirojin, wato giram 20. Buhun yuriya kashi 46 ne, wato sama da kilo 20. Ninki dubu ke nan. Masana biyu daga jami'ar Kopenhagen sun yi wannan lissafin a rubuce a 2023, suka ce hujjar ba ta tsaya ba. Shuka da naitirojin take gina jikinta, kilo-kilo take ci, ƙanƙantar ƙwaya ba ta haifar da wanda babu. Zink daban ne, ɗan kaɗan ake nema, ganyen da ke da miligiram 20 a kilo na busasshen nauyi ya kusa ƙoshi. Shi ya sa in nano zai yi rana a gona, a irin waɗannan ƙananan sinadaran nake ganin zai fara.

Litinin, 10 ga Maris

Feshi na biyu, tsari ɗaya. Kafin feshin na ari na'urar SPAD na auna koren ganye. Tana matse ganye ta haska jan haske na nanomita 650 da wani na 940, ta ba da lamba. Ganye uku a kowace shuka, wuri uku a kowane ganye, a kauce wa jijiya.

Rukunan zink sun ɗara ruwa zalla da 'yan maki. Tsakanin salfet da nano 100 kuwa, bambancin bai kai wanda ke tsakanin bokiti da bokiti a rukuni ɗaya ba. Garin gama-gari yana bayansu kaɗan. A ganyen 500 sai da na goge farin tabon kafin awo, don shi kansa yana tare haske ya ƙara lamba.

Kore dai ba shi ne aiki ba. Na'urar tana faɗin yawan kulorofil, wato koren sinadarin ganye mai kama haske, ba ta faɗin iskar kabon nawa ganyen ya shaƙa. Mai auna wannan, irin su LI-6800, babu ita kusa. Zink kuma ta bayan gida yake taimakon haɗa abinci: yana cikin sinadarin da ke sarrafa iskar kabon a ganye, yana cikin wanda ke share gubar iskar oksijin, yana da hannu a sinadarin da ke miƙar da gaɓa. Don haka busasshen nauyi da tsaba su ne shaiduna.

Asabar, 15 ga Maris

Darɓa. Tururuwa na fara gani suna hawa da sauka a bokitan gefen gabas, na ɗaga kan shukar, baƙi ƙirin sun lulluɓe ƙarƙashin sabon ganye, hannu na taɓawa yana danƙo. Akwai yagewa a ragar wannan gefen, ta nan suka shigo. Bokiti bakwai suka kama, kuma ƙuri'ar jeri ta yi amfaninta, don sun faɗa a rukuni huɗu ne ba ɗaya ba.

Darɓa na tsotse ruwan shuka, danƙon da take bari kuma yana kama baƙar funfuna ta rufe ganye. Duka biyun suna taɓa abin da nake aunawa kai tsaye. Na sayi maganin ƙwari ₦5,000, na fesa wa duka 40, masu ciwo da masu lafiya, don kada maganin ya zama wani rukuni na shida.

Baba ya kawo min wani garin rawaya da 'yan tumatir ke amfani da shi, ya ce a haɗa saboda funfunar. Na karanta jikin ledar: mankozeb. Akwai zink da manganis a cikinsa. Na ce, "Baba, wannan ma ɗan'uwan butar nan ne." Ya yi dariya ya ce shi kam ya ga alama duk abin da ya taɓa zink ne. Mun ɗinke ragar tare da zaren buhu.

Juma'a, 21 ga Maris

Fure ya fara. Zafi ma ya fara da gaske, ma'aunin cikin rumfa yana haura 40 da azahar. Da tsakar rana ganyen waken suna miƙewa tsaye, su juya wa rana gefensu don rage dukan haske, la'asar ta yi su sake kwanciya. Da safe ina tarar da furanni a zube a bakin bokiti. Daren zafi ne ke ɓata wa wake garin fure.

A irin wannan yanayi haske ya fi ƙarfin abin da ganye zai iya sarrafawa, rarar ta koma gubar oksijin mai lalata kuloroplas. Nan ne aikin su Juan Pablo Giraldo na jami'ar Kalifoniya a Riverside ya fi burge ni: a 2017 sun nuna ƙwayoyin siriyam oksayid 'yan ƙanana suna shiga kuloroplas su share gubar, ganye ya ci gaba da aiki cikin zafi da tsananin haske. A ganina wannan ya fi kusa da matsalarmu fiye da ƙara wa ganye kama haske. Haske ba shi muka rasa ba.

Na sa ragar inuwa a sama, ₦12,000. Ina ƙirga furen da ya zube a kowane bokiti.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, Baba ya riƙe ban-ruwa. Yau na juye bokiti uku-uku daga kowane rukuni, na wanke saiwa a hankali a kan rariya. Ƙulalan saiwa suna nan, na fasa wasu, cikinsu ja-ja, alamar suna kama naitirojin. Na rukunin 500 ba su gaza ba, ledar ta yi aikinta. Ganye, kara, saiwa, kowanne a ambulan ɗinsa, zafi 70 har nauyi ya daina sauka.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na gama roron wake jiya, yau sussuka da awo. Bokiti biyar-biyar suka rage.

Salfet da nano 100 duk sun fi ruwa zalla a busasshen nauyi da yawan kwanso. Tsakaninsu su biyu, lissafi bai raba su ba. Nano ya ɗan ɗara a matsakaici, amma bokiti ɗaya mai kyau ne ya ja shi sama, in aka cire shi sun yi kunnen doki. Garin gama-gari yana tsakiya. Rukunin 500 bai fi ruwa zalla ba. Zubar fure ba ta bambanta ba a ko'ina.

Akwai aikin da aka yi kan gyaɗa a Tirupati ta Indiya, ya fito a 2012, inda ƙwayar nanomita 25 ta ba da kwanso sama da kashi 25 cikin 100 fiye da salfet, kuma a gona. Nawa bai nuna haka ba. Fassarar da ta fi kwanta min ita ce garina ya zauna a kan ganye yana narkewa sannu a hankali, shukar ta sha zink ɗin a narke, yadda take shan na salfet. Malam ya karanta teburin sau biyu ya ce, "Rubuta shi yadda yake. Kada ki ce ya ɗara." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Asabar, 19 ga Afrilu

Kuɗin da ya fita zuwa yau ₦148,000, ban da kuɗin mota da ɗan abin da na ba Baba na Sallah.

Saura awon zink a cikin tsaba, samfuri 25, ₦3,000 kowanne. In nano ya fi salfet tura zink cikin ƙwayar da mutum zai ci, wannan wani babi ne ko da nauyi bai ƙaru ba. Za a niƙa a turmin tangaran, ba injin ƙarfe ba. Ganyen da na ajiye kuma sai an wanke su da ruwan asid mai rauni kafin awo, in ba haka ba abin da ya manne a waje za a ƙirga a matsayin wanda ya shiga.

Zagaye na biyu da damina, a fili. Za a cire 500, a sa 50 da 200. Bokiti takwas sun yi kaɗan, ƙananan filaye za a yanka, maimaici huɗu. A auna zink ɗin ƙasar kafin shuka. A nemo inda ake auna girman ƙwaya a cikin ruwa, a auna nan take bayan girgiza, a sake bayan minti talatin. Na rubuta wa wani sashe takardar aron MultispeQ don in sami awon aikin ganye na gaske, sun ce in dawo bayan sati biyu. Ranar Litinin zan kai tsabar niƙa.